Mwalimu Da-Saura

Duk wanda ya koyi gyaran kwamfuta a Nakuru, in bai bi ta hannun Elkana Shikuku ba, to ya bi ta hannun wanda ya bi ta hannunsa. Ba wani babban mutum ba ne fa, kada a ce an zuzuta shi. Gajere ne, mai sanƙo, kullum da 'yar sukurdireba a aljihun gaba inda mutane ke maƙala biro. Ajinsa yana hawa na uku a wani tsohon bene, saman kantin katifa, inda in babbar mota ta wuce sai tagogi sun yi rawa. Ba mai kiransa Elkana sai limamin cocinsu da wani tsohon abokinsa. Mwalimu ake ce masa, wato malam, a bayan idonsa kuwa ɗalibai sun laƙaba masa Da-Saura.

Ga asalin sunan. Akwai jarrabawar nan ta matakin farko da ake shiryawa a ƙasar waje, mutum ya je wata cibiya ya zauna gaban kwamfuta ya amsa, kafin ya tashi daga kujera an gaya masa ya ci ko ya faɗi. Takardarta kamfanoni ke fara tambaya kafin su dubi fuskar mai neman aiki. Kuɗin zamanta kuwa ba wasa ba ne, wani sai an sayar da maraƙi a ƙauye. Saboda haka ba ɗalibin da ke zuwa sai Mwalimu ya auna shi.

Aunin nasa ba irin na kowa ba ne. Sauran malamai tambayoyin gwaji suke ba yaro, in ya ci da yawa su ce ya tafi. Shikuku kuwa cewa yake ko aku ka yi ta maimaita wa tambaya zai haddace. Shi sai ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta, ya lalata mata wani abu a ɓoye, ya dire ta gaban ɗalibi, sannan ya ja kujera ya zauna a bayansa da kofin shayi ya ishe shi da surutu. Hirar ƙwallo, tsadar garin masara, ramukan titin unguwarsu. Baki na zuba, ido na kan hannun yaron. Ya zare wayar wuta tukuna? Ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya kai yatsa ciki? Ya tsaya ya tambayi abin da ya same ta, ko ya hau kwance noti kamar mahauci ya samu sa? Ana tsakiyar hira sai ya jefo tambayar littafi, ya ga ko hannun zai daskare. In an gama ya kurɓi shayinsa ya faɗi ɗayan biyu: “Je ka,” ko “Da saura.” Ba ya ƙara ko kalma. Akwai wanda ya sha “da saura” har gemu ya fito masa a ajin.

Abin taƙamarsa a duniya guda ne, kuma yana faɗinsa a coci, a gidan biki, a cikin matatu, motar hayarsu, ga fasinjan da bai tambaye shi ba: tun da yake, bai taɓa ce wa ɗalibi “je ka” ya je ya faɗi ba.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya sani in ban da matarsa. Shi kansa bai taɓa zama jarrabawar ba.

Ba da niyya abin ya faru ba, haka ya lallaɓo. Yana saurayi ya baro ƙauyensu kusa da Webuye ya zo wurin kawunsa, mai gyaran tafireta na ofisoshi. Bai gama ƙwarewa ba tafireta ta mutu a hannunsu, ofisoshi suka shiga jibge su a bayan ɗaki. Kawu ya tattara ya koma noman rake. Shi ya ƙi komawa. Ya samu wata kwamfuta da ofishin wani lauya ya fid da rai da ita, ya buɗe ta ya ƙura mata ido, ya yi ta taɓa nan ya taɓa can har ta tashi, ba tare da ya san abin da ya yi ba. Daga nan ya kafa rumfa. Da Madam Jepkosgei ta buɗe kwalejinta, shi ta ɗauko daga rumfar, don shi ke yi mata gyara, kuma a lokacin ba mai maganar takarda. Da jarrabawar ta fara tashe ya sayi littafin, ya karanta don ya koyar, ya ce baɗi sai ya zauna. Baɗi ta zo, ɗalibansa na farko suka je suka ci. Nan fa abin ya yi nauyi. Mutumin da ya tura yara suka ci, in shi ya je ya faɗi fa? Kowace shekara nauyin na ƙaruwa. Bai taɓa cewa yana da takardar ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Wa zai tambayi Mwalimu?

Madam ce ta tambaya. Wata Litinin ta tare shi a bakin matakala, makullai na kaɗawa a hannunta, tana magana da sauri yadda ta saba.

“Mwalimu, abin arziki ya samu! Masu jarrabawar nan sun yarda su sa mu cikin makarantun da suka amince da su. Abu ɗaya suke so, lambar takardar kowane malami. Kawo mini taka gobe.”

Shikuku ya ji bakinsa yana magana shi kaɗai. “Tawa ai ta tsufa, Madam. Sai an sabunta.”

“To sabunta mana! Kai da kake gasa mutane, wannan ai shan ruwa ne a wurinka.” Har ta fara hawa ta juyo. “Amma ka ji ni da kyau, sharaɗinsu ne, ba nawa ba. Wanda ba shi da lamba ba zai tsaya gaban aji ba. In zangon nan ya ƙare babu, dole in ba Kiprono ajinka, ko ina so ko ba na so.”

Kiprono sabon malami ne, yaro mai ladabi, mai takardu har uku a bango, wanda in ya riƙe sukurdireba sai ka tausaya wa notin. Shikuku ya ce ba komai, ya hau sama, ya shiga aji ya koyar da darasin makon jiya bai sani ba.

Tun daga ranar ya kasa zaune ya kasa tsaye. In ya zauna ƙafa na rawa, in ya tashi bai san inda za shi ba. A gidansa na Langalanga ya kwance rediyo lafiyayye ya mayar. Ya kwance dutsen guga. Ya sauko da agogon bango ya baje shi a kan tebur ana shirin cin abinci. Matarsa Nanjala, wadda ke sayar da gwanjo a kasuwa kuma ba ta da lokacin wauta, ta ajiye kwanon ugali, tuwon masararsu, ta riƙe ƙugu.

“Baban Nekesa, in ka taɓa mini keken ɗinki, ni da kai ne a gidan nan.”

“Dubawa kawai nake.”

“Me agogon ya yi maka? Je ka zauna jarrabawar nan mu huta mana. Ko ka gaya wa matar nan gaskiya.”

“In gaya mata me? In ce shekara da shekaru tana ajiye da malamin da ba shi da ko takardar da yake tura yara nema?”

“To zauna.”

“Sai na san na shirya.”

“Wa zai gaya maka?”

Nan ta taɓo inda ke ciwo. Wa zai gaya masa? Duk garin shi ne ma'auni, ma'auni kuwa ba ya auna kansa. Ya miƙa mata wayarsa ya ce ta karanto masa tambayoyin gwaji. Ta zauna tana karantawa a hankali, tana tuntuɓe a kan kalmomin, shi kuwa kafin ta kai rabin tambaya ya ba da amsa. Ta ja wata, ya amsa. Ta tsallaka can ƙasa, ya amsa har ya gaya mata wadda ke biye.

“Yo ai ka ci duka,” in ji ta. “Me ya rage?”

“Ba sani ba ne wannan, Maman Nekesa, sabo ne. Na san su yadda na san hanyar gidan nan. Ni nake koyar da su tun Nekesa na goye. Ko barci nake ka tashe ni zan amsa.”

“To ba shi ake so ba?”

Ya rasa yadda zai fahimtar da ita. Jarrabawar ta canza tun zamanin da ya sayi littafinsa na farko. An cusa mata abubuwan da ba a taɓawa da hannu: ajiyar da ake yi can a intanet wadda suke kira girgije, saitin wayoyin hannu, kwamfutar da ake ƙirƙira a cikin wata kwamfutar. Duk waɗannan tun zuwan Kiprono ya sakar masa su, ya ce na yara ne. Yanzu ya dawo ya haddace su tsaf cikin 'yan makonni. Ya zama akun da yake zagi ke nan, kuma ya sani.

A aji ma abin bai bar shi ba. Yana cikin nuna yadda ake ɗora fanka, wata ɗaliba mai baki ta ɗaga hannu.

“Mwalimu, kai da ka yi taka, maki nawa ka ci?”

“Ke da ba ki iya sa fanka ta fuskanci inda ya kamata ba, makina ne ya dame ki?”

Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi. Shi kuwa gumi ya jiƙa masa baya har rigar ta manne. A makon nan ɗalibai uku ya auna, dukansu ya ce musu da saura, kuma ɗaya daga ciki, Allah ya sani, ya cancanci a ce masa je ka. Haushin kansa ya sauke a kan yaron mutane. Wannan ya ƙara hana shi sukuni.

Da abin ya ishe shi, wata Asabar da rana ya nufi rumfar Ombati. Ombati tsohon abokinsa ne tun zamanin rumfa, mutumin Kisii, ƙato mai murya kamar lasifika, kuma tsakaninsu ba gaisuwa sai tsiya irin ta ƙabila, don mutanen su Shikuku an san su da cin kaji, na su Ombati kuwa da ayaba.

“A'a! Maci kaji ne da kansa! An kore ka daga benen ne?”

“Rufe mini baki, ɗan ayaba. Aiki na kawo maka.” Shikuku ya zauna a kan wata matacciyar firinta. “Akwai wani ɗalibina, dattijo ne, yana jin kunyar a auna shi gaban yara. Ina so ka lalata wata kwamfuta, in gwada in ga ko aunin zai yi masa tsauri.”

Ombati ya dube shi sama da ƙasa. “Dattijo. Gajere ne?”

“Ina ruwanka da tsawonsa?”

“Yana da sanƙo?”

Ombati ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga fuskar abokinsa, ya haɗiye ta. Da ya ji labarin duka ya dafe kai. “Kai, Elkana! Duk shekarun nan? Amma kai mugu ne. Juya baya.”

Ya juya. Ya ji ƙarar noti, ya ji an zare wani abu an mayar. Da aka ce ya juyo, Ombati ya ja kujera ya zauna a bayansa, ya aika aka kawo shayi da mandazi, fanken ƙasarsu, don a yi abin yadda ake yi, ya shiga zuba surutu. Shikuku ya zare wayar wuta, ya taɓa ƙarfe, ya leƙa. Kafin shayin ya huce ya gano abin. Aka sake, ya gano. A karo na uku ma bai buɗe akwatin ba, daga jin kukan da ta yi wajen tashi ya faɗi abin da aka taɓa.

“To me kake nema kuma?” in ji Ombati. “Je ka!”

“Jefo mini tambayar girgije.”

“Girgijen me? Ni girgijen da na sani shi ne wanda ke tasowa ta kan dutsen Menengai ya jiƙa mini kaya.”

“Ka gani? Inda kake ɓoye ɓarna ma ni na koya maka. Yaya za a yi ka auna ni?”

Ombati ya sosa ƙeya. “Gaskiya hannunka ya shirya tun kafin a haifi masu jarrabawar. Kai ɗin ne ban sani ba.”

Ya baro rumfar ya fi yadda ya je rikicewa. Bai hau mota ba, da ƙafa ya taka har gida, yana tafe yana yi wa kansa tambaya yana amsawa, har wani ɗan acaɓa ya kusa kwashe shi ya bi shi da zagi.

Sai maganar inda zai zauna. Cibiyar Nakuru ba ta taso ba, mai gadin wurin ma Mwalimu yake ce masa. Eldoret garin su Madam ne, ko tari ya yi sai ta ji. Nairobi kuwa ɗalibansa sun cika ta, kowane bene ka shiga sai wani ya ce ga Da-Saura. Ya zauna ya yi ta lissafin garuruwa kamar ɓarawon da ke neman mafaka, har ya tsaya a kan Kisumu. Nesa ce, ba shi da kowa can, ba ya jin ya taɓa koyar da wanda ya koma can. Ya yi rajista ta waya. Da ranar ta matso ya ɗaga. Ta sake matsowa ya sake ɗagawa. Madam kuwa duk haɗuwa sai ta kaɗa masa makullai ta ce, “Lamba fa, Mwalimu?” Da ya duba ya ga zangon ya kusa ƙarewa, ya san ɗagawa ta ƙare.

Ya ce wa Madam an yi musu rasuwa a gida. A ƙasar nan in ka ce jana'iza ba mai ƙara tambayarka, sai dai a ce Allah ya ba da haƙuri. Nanjala ta goge masa farar riga da dutsen gugar da ya kwance, wanda tun ranar yake ɗan ba ta shokin, ta raka shi bakin ƙofa da sassafe.

“In ka ci, ka sayo kifi. In ka faɗi ma ka sayo, tunda dai ka je Kisumu, garin kifi.”

A matatu bai ga komai ba. Gonakin shayin Kericho suka wuce kore shar, bai ɗaga kai daga waya ba. Matar da ke kusa da shi ta gaji da rawar ƙafarsa ta ce, “Baba, in fitsari ne a tsaya maka mana.” Da suka gangara zafin Kisumu ya tare su, farar rigar ta riga ta zama abin tausayi.

Cibiyar tana saman wani kantin magani. Ya hau, ya tsaya a bakin ƙofa ya daidaita numfashi, ya tura. Wata mata ce zaune a bayan tebur, da tabarau, tana danna kwamfuta. Ta ɗago. Ta cire tabarau. Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

“Mwalimu! Wayyo Allah, Mwalimu Shikuku! Ni ce, Akumu! Ba ka gane ni ba? Mai zama kusa da taga, wadda ka ce tana riƙe sukurdireba kamar muciya!”

Ya gane ta sarai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya gode mata. Akumu ta zagayo ta kama hannunsa da hannu biyu tana ɗan rusunawa, tana ta zuba: ita ce mai kula da cibiyar yanzu, ta yi aure, 'ya'yanta biyu, kullum sai ta ba mutane labarinsa.

“Ɗalibai ka kawo mana? Ina suke? Ko zagayen duba cibiyoyi kake?”

Shikuku ya sa hannu a aljihu ya ciro katin shaidarsa ya ɗora a kan tebur.

Ta dubi katin. Ta koma ta ɗaga kujerarta ta zauna, ta mayar da tabarau, ta duba sunayen masu zaman ranar. Ya ga idonta ya tsaya a wuri ɗaya. Duk abin da ke rubuce a gaban sunansa, ya san ya nuna mata cewa wannan ne zamansa na farko. Ya jira ta yi dariya, ko ta yi salati irin nasu, ko ta tambaya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Yarinyar nan ta san ya kamata.

“Bismillah, Mwalimu, dubi nan in ɗauki hotonka,” ta ce da muryar aiki. “Sa hannu a nan. Waya da agogo a cikin akwatin can. Da abin aljihun ma.”

Ya zare sukurdireba ya ajiye. Ya ji kamar an tuɓe shi.

Ɗakin jarrabawar sanyi ƙalau, kujeru a jere, kowa da shingensa. Samari biyu da budurwa ɗaya suna ciki, ba wanda ya ɗago. Ya zauna, ya danna, abu ya fara. Na farkon suka zo masa da sauƙi, na hannu ne, wace waya ke shiga ina, me za ka fara dubawa in kwamfuta ta ƙi tashi. Har ya ɗan saki jiki. Sai na girgijen suka fara sauka, kuma ba da fuskar da ya haddace su ba. An juya su, an sa musu labari, amsoshi huɗu kowace na kama da 'yar'uwarta. Ya karanta, ya sake karantawa. Hannunsa ya yi ta zuwa aljihun gaba yana dawowa wayam. Ba abin buɗewa, ba abin saurara, ba ƙamshin ƙuna da zai gaya masa inda ciwon yake. Agogon da ke kusurwar allon kuwa sai gudu yake kamar ana bin sa bashi. Ya zaɓi amsa, ya goge, ya mayar, ya sake gogewa. Wanda ya yi shekaru yana ce wa yara kada su canza amsar farko, shi ne ya koma baya ya canza nasa ɗaya bayan ɗaya.

Da lokaci ya cika allon ya yi ɗan jim, sannan ya nuna. Ya faɗi. Ba da yawa ba, ɗan kaɗan ya rage, amma faɗuwa ba ta da ƙarama.

Ya daɗe zaune har sauran suka fita. Da ya fito, firintar da ke kan teburin Akumu ta riga ta tofo takardar sakamakon. Ta ninke ta biyu ta miƙa masa da hannu biyu. Ba kowa a wurin sai su.

“Kin gani,” in ji shi.

“Aikina ne in gani, Mwalimu. Ba aikina ba ne in faɗa.”

Ya zauna a bencin jira. Kunya ta rufe shi, sai ya ji yana magana ba tare da ya shirya ba. “Ajina zan rasa, Akumu. In zangon nan ya ƙare ba ni da lamba, shi ke nan. Ni da ban taɓa tura ɗalibi ya faɗi ba, yau ga ni na turo kaina.”

Akumu ta juya biro a hannunta. Ta dubi ƙofa, ta dube shi. Sannan ta taso ta zauna a ƙarshen bencin.

“Mwalimu, ka tuna da ka ce mini je ki, na dawo na ce maka ban samu zama ba, kakata ta rasu?”

“Na tuna. Har karo-karo muka yi miki a aji.”

“Kakata tana nan da ranta. Jiya ma ita ta cinye kan kifin.”

Ya juyo ya dube ta.

“Na zauna a Nakuru, na faɗi. Na fito na yi kuka a bayan benen har na gode Allah. Na rasa bakin da zan gaya maka. Kullum kana cewa ba ka taɓa turawa an faɗi ba, ni ce zan zama ta farko? Sai na ce jana'iza, na taho nan wurin yayata, na yi karatu, na sake zama na ci, na kawo maka takarda ka rungume ni. Me kake tsammani ya fara kawo ni Kisumu?”

“Ke kaɗai?” in ji shi.

Ta sunkuyar da kai. “Hanyar ta zama sananniya a wurin ɗalibanka. Wanda ya faɗi a Nakuru, nan yake zuwa ya sake, don nan ne ba ka da kowa. Tun da na kama aiki a teburin nan nake ganinsu. Su shigo su ce, don Allah Anti, kada Da-Saura ya ji.”

“Su wa da wa?”

“A'a, Mwalimu. Yadda ba zan faɗi naka ba.”

“Su nawa?”

“Ban ƙirga ba. Suna da dama.”

Wallahi faɗuwar ba ta yi masa zafin wannan ba. Ya tuna fuskokin da suka riƙa dawowa da labarin rasuwa, da zazzaɓi, da katin shaidar da ya ɓata. Ya tuna yadda yake tsayawa a coci yana bugun ƙirji, wataƙila uwar wani daga cikinsu na zaune tana jin sa, ita da ta sayar da maraƙi na biyu. Ashe yaran nan ne suka yi ta ɗauke da sunansa a ka, suna biya daga aljihun iyayensu, don kada ransa ya ɓaci. Ya so ya yi fushi, ya rasa da wa. Ya sa tafin hannu ya share fuska, ya bar shi a wurin.

“Ba don ba ka iya ba ne,” in ji Akumu a hankali. “Duk abin da nake ci da shi yau a wurinka na samu. Tsoronka dai muke ji, kuma muna son ka.”

Ƙarar masu acaɓa na hawowa daga titi. Can ta tashi ta koma teburinta, ta danna, ta duba.

“Akwai kujera ɗaya da ta rage ranar Asabar ta sama. Bayanta babu sai wata mai zuwa, lokacin kuwa ka ce zangonku ya ƙare. In kana so in riƙe maka, yanzu ne, don ba ta kwana.”

Shikuku ya buɗe takardar ya bi ta da ido. An jera wuraren da ya yi rauni, duk inda ya san bai iya ba ne. Tsakanin yau da Asabar ta sama ba wani lokaci ba ne. Ba wanda zai zauna a bayansa da shayi, ba wanda zai gaya masa komai.

“Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan,” ya ce, “ba zan bar shi ya je ba.”

“Na sani, Mwalimu.”

“Ban shirya ba, Akumu. Allah ya sani ban shirya ba.”

Ta ɗora yatsa a kan madanni tana jira.

“Sa sunana,” in ji shi.